Jarka Ta Biyar

Tun da ciwon suga ya ci yatsu uku a ƙafar Abkar ta dama, bai sake shiga teku ba. Ƙanensa Shu'i ne ke fita da kwale-kwalen, shi da maƙwabcinsu Darwish, su yi kwana biyu ko uku a wajen tsibirai, su dawo da abin da Allah ya ba su. Abin da ya rage wa Abkar a sana'ar shi ne ɗinkin raga da kula da inji. Raga kowa ma ya iya ɗinka ta. Injin kuwa ba ya bari wani ya sa masa hannu.

Injin ya tsufa. Mai ƙarfin doki arba'in ne, irin na da, wanda ba shi da wurin ajiye baƙin mai a cikinsa. Sai an zuba man a cikin fetur an girgiza, ya sha su tare. Idan fetur ya shige shi tsura, ƙarfe zai riƙa gugar ƙarfe, ba a jima ba ya buga. Shekara ashirin da shida Abkar yana haɗa masa a kan ma'auni ɗaya: gwangwanin tumatir guda cike da mai, a jarka guda ta fetur mai lita ashirin. Man da ya saba saye shuɗi ne, yana rina fetur. Saboda haka duk masuncin da ke wannan gaɓar, kafin ya jefa tiyo cikin jarka, sai ya ɗan tsiyaya a tafin hannunsa ya duba. In ya ga shuɗi-shuɗi, an haɗa. In ya ga fari fes, ya ajiye ta gefe. Ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya koya masa wannan. Hannu ne kawai ya saba.

Wata Talata, cikin watannin iskar kudu da ake kira azyab, Abkar ya ɗingisa zuwa shagon Ayyash mai kayan jirgi. Ya tarar da Fatini bakanike zaune a benci yana cire dauɗar farce da tsinken ashana.

"Shuɗin ya ƙare, Ammu Abkar," in ji Ayyash tun kafin ya zauna. Ammu, wato baffa, haka ake kiran Abkar a ƙauyen. "Ba ma ƙarewa ba, ya daina zuwa. Wata uku ina aike birnin Hudaida, kowa sai ya ce babu."

"Ka dai ɓoye shi kana jiran ya yi tsada."

"In na ɓoye, Allah ya sa in sha shi a shayi."

"Amin," in ji Fatini, bai ko ɗago kai ba.

Ayyash ya jera abin da yake da shi a kan teburi. Ga wani mai da yake awo daga duro, ba suna ba takarda. Ga galan na man mota. Ga kuma wata farar robar lita ɗaya mai hoton farfela a jiki. Abkar ya dubi Fatini, don duk gardamarsa ya san wanda ya fi shi sanin cikin inji.

"Na duron nan kar ka ko kalle shi," in ji Fatini. "Allah kaɗai ya san daga cikin wace tsohuwar janareta aka tace shi."

"A gabana kake ɓata mini kaya?" in ji Ayyash.

"To a bayanka kake so? Na mota kuwa, Ammu, an yi shi ne don ya zauna cikin inji yana zagayawa, ba don ya ƙone ba. Ka zuba shi a fetur, mako biyu toka ta toshe maka fulogi, ta kama zoben fistin. Na buɗe injuna uku bana a kan haka."

"To wannan ɗan gayun fa?"

"Shi ne naka. Don injin ruwa mai shan mai a fetur aka yi shi. Yana ƙonewa tas, hayaƙinsa kaɗan ne."

"Injin da ba ya hayaƙi ai bai ƙoshi ba."

"Kai da ka lashe kifi biyu da safe, ina hayaƙinka?"

Ayyash ya yi dariya, ya matso da robar. "Kuma an ce rabin gwangwani ya isa jarka."

"Wa ya ce?" Fatini ya jefar da tsinken. "Wannan zancen sababbin injuna ne. Nasa tsoho ne, gaɓoɓinsa sun saki. Ammu, ka ba shi gwangwaninsa cif yadda ya saba, kar ka rage ko cokali. Ka kuma kwance dunƙulen ƙasan injin, wajen farfela, ka duba man giyar. In ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, ka kawo mini in canja roba."

Abkar ya buɗe farar robar, ya ɗiga a ɗan yatsa, ya ɗaga wajen haske. Launinsa kamar na shayin da bai nuna ba.

"Ba shi da launi," ya ce.

"Launi kake so ko mai?" in ji Ayyash. "In launi ne, je wajen mata ka sayo shuni."

Abkar ya sayi roba biyu, lita biyu ke nan, daidai gwangwani biyar na jarka biyar. Zaɓin da ya yi mai kyau ne. Cikin abubuwa ukun da ke kan teburin nan, shi ne wanda ya dace da injinsa, kuma shawarar da aka ba shi babu kuskure a cikinta.

Bayan la'asar ya zauna a rumfar ƙofar gida, ya jera jarkoki biyar a gabansa. Ya duba man giya ya same shi lafiya. Sannan ya fara haɗi a natse, yadda ya saba: ya cika gwangwani, ya zuba, ya rufe, ya jijjiga jarkar a kan gwiwa sau goma. Ya gama ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Yana miƙa hannu ga robar sai ya ji kiran jan jirgi daga bakin ruwa.

A ƙauyen, idan babban jirgi ya iso za a haye da shi kan yashi, duk namijin da ya ji kiran sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi, ko lomar abinci ce. Wanda ya yi zamansa, ranar da nasa jirgin ya iso zai ja shi shi kaɗai. Abkar ba ya iya jan igiya yanzu, amma yana iya jera gungumen da ake mirgina jirgi a kai, kuma bai taɓa yarda a ce an rasa shi ba. Ya tashi ya tafi. Jirgin ya yi nauyi, aikin ya ja, daga nan aka wuce masallaci sallar magariba.

Da ya dawo, rumfar wayam. Shu'i ya kwashe jarkokin ya loda a kwale-kwale. Matar Abkar, Zuhra, ta share wurin, ta tattara gwangwani da robobin ta jefa a buhu don kada awaki su lasa.

Ya sami Shu'i a bakin ruwa yana ɗaure kaya. Shu'i ya ba hamsin baya, amma har yanzu bakinsa ba ya hutawa. Injin ma ya sa masa suna Hajja, wai don kullum da safe sai ta yi tari, sai an lallashe ta kafin ta tashi.

"Yaya, abincin Hajja ya haɗu duka ko?"

Abkar ya buɗe jarkar da ke tsakiya, ya tsiyaya a tafin hannu ya duba. Fari fes. Sai ya tuna sabon man ba ya rini. Ya murza da yatsu har fetur ɗin ya bushe, ya ji santsi ya rage. Wannan an haɗa. Wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa game da sauran huɗun, amma suna ƙarƙashin raga da buhun ƙanƙara, ga Darwish tsaye yana kallo.

"Ni za ka tambaya?" ya ce. "Tun kana yawo ba wando nake haɗa mai."

"Allah ya huci zuciyar likitan Hajja," in ji Shu'i. "Darwish, ka shaida, na yi tambaya an zage ni."

Suka fita bayan sallar asuba, lokacin da teku ke kwance, don su isa inuwar tsibirai kafin azyab ta taso da hantsi. Shu'i ya jefa tiyo cikin jarkar da ke kusa da shi, ya ja igiya sau biyu, injin ya tashi. Ya ɗan yi hayaƙi kaɗan, sannan ya washe.

"Yaya, duba!" Shu'i ya ɗaga murya. "Hajja ta tuba, ta daina shan taba!"

Abkar ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya yana sauraren ƙarar injin har ta ɓace, ya koma gida yana jin daɗi a ransa.

Da hantsi yana ɗinkin raga Zuhra ta fito da buhun jiya. Robar da za ta zuba kananzir take nema.

"Abkar, wannan ai ba ta ƙare ba. In juye maka a ina?"

"Wace?"

Ta girgiza farar robar kusa da kunnensa. Ya ji motsin abu a ciki. Ya ce ta miƙo gwangwanin. Ya ajiye shi a ƙasa inda ya daidaita, ya juye robar a hankali. Man ya hau, ya hau, ya tsaya daidai bakin gwangwanin. Ko ɗigo bai zuba ba, ko ɗigo bai rage ba.

"Mene ne?" in ji Zuhra. "Abkar, lafiya? Ƙafar ce?"

"Ɗaya ba a haɗa ba."

Ita matar masunci ce, 'yar masunci. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Abkar ya dubi teku ta tsakanin gidaje. Ta fara yin fari-fari, ganyen dabinon rumfar ya fara kaɗawa. Ba wanda ke sa ran dawowar Shu'i kafin Juma'a, kuma ba wanda zai ƙona fetur ya fita nema kafin Asabar. Waya ba ta da amfani, turken sadarwar ƙauyen ya mutu tun bara. In ya yi shiru, wataƙila Shu'i zai zuba jarkar a kan ragowar wata, ta gauraya, injin ya jure. In kuma injin ya buga, kowa zai ce sabon mai ne, a zagi Ayyash a wuce wurin. Wannan tunanin ya zo masa, ba zai ce bai zo ba. Ya ɗan zauna da shi kamar yadda mutum ke riƙe garwashi da yatsu. Sannan ya ɗauki sandarsa da gwangwanin, ya nufi bakin ruwa.

Waɗanda ba su fita ba suna rumfar shayi. Fatini na nan, Ayyash ma ya rufe shago ya zo, ga kuma Makbul, wanda ya fi kowa sabon inji a ƙauyen. Abkar ya ajiye gwangwanin a tsakiyarsu.

"Ammu, shayin ne ka zo da kofinka?" in ji wani.

"Na manta jarka ɗaya," in ji Abkar. "Shu'i yana teku da fetur tsura, kuma ba zai gane ba, don duk biyar ɗin launinsu ɗaya."

Ayyash ya ajiye kofinsa.

"Kai?" in ji Makbul. "Kai da kake mana wa'azi a kan gwangwani?"

"Ni."

"Ka bari tukuna, Makbul," in ji Fatini. "Ammu, ka tabbata?"

"Ga man nan a gabanka."

Fatini ya leƙa gwangwanin, ya ja numfashi. "In ya sa tiyo a cikinta kai tsaye ya buɗe wuta, minti ashirin ne. In Allah ya tsawaita, rabin awa."

"To ai ɗaya ce cikin biyar," in ji Makbul. "Wataƙila sai gobe zai kai kanta, a can tsibiri, inda akwai jirage. Mu nufi tsibiri kai tsaye mu gaya masa."

Abkar ya girgiza kai. Tun a hanya ya jera abin a zuciyarsa, ɗaya bayan ɗaya. "Ta biyar ita ce a can ƙarshen layi, nesa da ƙofa. Na san Shu'i, na kusa yake fara ɗauka. Ita ya ɗauka ƙarshe. Wadda aka loda ƙarshe ita ke zama baya, kusa da inji. Ita ya sa wa tiyo da asuba." Ya dubi gwangwanin. "Injin na tashi hayaƙinsa ya washe. Ina tsaye ina gani. Har daɗi na ji."

"Ashe ko rabin hanya bai kai ba," in ji Fatini a hankali.

"Bai kai ba. Mu fita tafiyar rabin awa, sannan mu juya arewa mu bi iska."

Makbul ya dubi teku, ya dubi tsohon. Ya kife kofinsa ya tashi. Mutum shida suka tura jirginsa. Da Abkar ya sa ƙafa zai shiga, Makbul ya tare shi.

"Ammu, da wannan ƙafar? Ruwan gishiri zai ci maka ita."

"Ya ci."

Fatini da wani suka ɗaga shi suka zaunar a tsakiya.

Azyab ta riga ta taso sosai. Jirgin yana hawa yana dukan ruwa, kowane duka sai Abkar ya ji shi har cikin ƙashin bayansa. Suka yi tafiyar rabin awa, suka juya arewa. Makbul yana tuƙi yana karkatawa dama da hagu don su share wuri mai faɗi. Fatini yana gaba a tsaye, ya ɗaure ƙugunsa da igiya. Duk farin kumfa sai ya yi kama da gefen kwale-kwale. Sau biyu suka bi abu, sau ɗaya buhu ne, sau ɗaya gungume. Suka yi azahar a zaune, da ishara. Tsumman ƙafar Abkar ya jiƙe sharkaf ya yi ja, bai duba ba.

Kwale-kwalen da ba inji, a irin wannan iska, ba ya iya fuskantar igiyar ruwa. Juyawa yake ya ba ta gefe, ita kuma ta riƙa zuba masa ruwa har ya cika. Duk wanda ke cikin jirgin Makbul ya san haka.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Fatini ya ɗaga hannu ya yi ihu. Can gaba wasu abubuwa rawaya suna ɓullowa suna nutsewa. Jarkoki ne guda uku ɗaure da igiya ɗaya, da mutum rungume da su. Makbul ya rage wuta ya zagaya ta bayan iska. Suka jawo shi da ƙyar, don yatsunsa sun ƙi sakin igiyar. Darwish ne.

Suka kwantar da shi, suka lulluɓe shi da bargo, Fatini yana ɗiga masa ruwa a baki. Abkar ya ja jiki ya matso. Bai yi tambayar ba, amma Darwish ya gan ta a fuskarsa.

"Hajja ta tsaya tun muna hango hasumiyar masallaci," in ji Darwish, muryarsa a dushe. "Ta yi wata ƙara sau ɗaya, shi ke nan. Igiyar ma ta ƙi jawuwa. Muka jefa anga, ta riƙe mu har hantsi, sannan dutsen ƙasa ya yanke igiyar. Muka yi ta kwarfar ruwa. Wajen azahar wata babbar igiyar ruwa ta zo ta kife mu." Ya yi tari mai tsawo. "Raga ta naɗe masa ƙafa, Ammu. Na nutsa sau biyu. Na taɓa rigarsa. Jirgin ya tafi da shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Makbul. Sauran suka amsa.

Darwish ya kamo hannun Abkar. So yake ya ba shi wani abu da zai riƙe. "Bai zarge ka ba, wallahi. Da ta tsaya, na ce ko ba a haɗa ba ne. Ya tsiyaya a hannu ya duba, ya ce ba a ganewa. Sai ya ce mini, rufe bakinka, Yaya ba ya mantuwa, wannan man banzan ne aka sayar masa."

Ruwa yana fantsamo musu, injin Makbul yana ƙara ƙasa-ƙasa.

"Man ba shi da laifi," ya ce. "Ni ne. In mun koma, haka za ka faɗa wa matarsa, in kuma ba za ka iya ba ni zan faɗa."

"Ammu, ba yanzu ba," in ji Fatini.

"Yanzu ne. Kada wani ya koma na duro saboda ni."

Ya roƙi Makbul su ƙara zagaye ɗaya. Makbul ya yi uku. Abkar ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, yana duban kowane tudun ruwa har ya wuce, yana jiran na bayansa. Ba su ga ko tsinke ba. Da rana ta kusa taɓa ruwa, Makbul ya ɗaga jarkarsa ya ji nauyin abin da ya rage, ya dubi Fatini, Fatini ya sunkuyar da kai. Ya juya akalar jirgin zuwa gida, suka shiga cikin iskar.

Abkar ya juya zamansa, ya ba ƙauyen baya, ya ci gaba da kallon arewa.